Na Mai da Mahaifina Bara a Gaban Manajan Bankinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, da dukan masu karanta wannan shafi na neman shawara. Don Allah a ɓoye sunana. Ina kuma roƙonku ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, domin duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina shi, har da ƙari. Na san wasu mutanen wajenmu za su gane ni in sun karanta, to su gane. Mutum biyu ne abin ya shafa, ɗaya ba ya jin Hausa, ɗayan kuma ba ya karatun boko.

Ni akawu ne a wani babban banki na Turawa, irin wanda aka ce yana da rassa har a ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Reshenmu yana Birnin Kebbi, amma ranar kasuwa mukan ɗora tebur da akwatin ƙarfe a mota mu tafi Kalgo, mu zauna a wani shago mai rufin kwano saboda fataken shinkafa da na kifi. Asalina kuwa ƙasar Gwandu ne, cikin Fulanin da suka zauna wajen Masama, muna noma muna kiwo. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina, kuma wanda ya san mu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa ɗaukata a gaban jama'a ba, bai taɓa buɗe baki ya ce "ɗana" ba, ko ana yanka shi kuwa. In zai yi maganata sai ya ce "yaron ga," in kuma ina wurin sai ya juya ya faɗa wa ƙanensa, Baffana, shi kuma ya faɗa mini, alhali ga ni zaune ina ji. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka tarar ana yi, haka shi ma ubansa ya yi masa. Ni ma ban taɓa furta sunansa ba.

Daga nan ma masifar ta soma. Ranar da aka kai ni makarantar elementare a Gwandu malami ya ce in faɗi sunan ubana, na ƙi, ya yi tsawa, na fashe da kuka, sai ya gaji ya rubuta mini sunan garinmu a madadinsa. Da wannan sunan na gama makarantar midil, da shi aka ɗauke ni a banki. To a banki ba a kiran mutum da sunan yanka, sai da na biyun, a sa masa Mista a gaba. A makon farko Manaja, wani Bature dogo mai jan gashi, ya dubi sunana ya ce ai a ƙasarsu wanda yake ɗauke da sunan gari to ɗan masu garin ne, ko ni ma haka ne? Jama'a, da na ce a'a me zai ci ni? Amma sai na yi murmushi na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauka na amsa, ya dafa kafaɗata ya ce madalla, irin 'ya'yan manyan gida bankin nan yake nema. Wallahi daɗi na ji har cikin ƙashina.

Sai kun san yadda wurin nan yake kafin ku gane yadda mutum zai lalace a ciki ba tare da ya sani ba. Babban akawunmu, tun ranar da na fara, ya tsai da ni ya ce, "Saurara, Mista. Banki ba zaure ba ne. Nan ba a durƙusa wa kowa, ba a tuɓe takalmi, ba a doguwar gaisuwa, kuma ba a kawo mana baƙi daga ƙauye." Aka sa ni gajeren wando da doguwar safa, aka ɗaure mini wuya da lakataye, ni da na tashi da 'yar shara da sanda. Dattijo sa'an kakana zai zo gaban kanta, ina tsaye ƙiƙam ina kallon tsakiyar idonsa, in ya fara tambayar gida da iyali da gajiya sai in katse shi in ce me ke tafe da kai. Da farko in na yi haka har zufa nake yi. Daga baya na saba, har na fara jin haushin masu yi mini doguwar gaisuwa. Da hantsi akan kawo mana shayi, akawuna su taru a bayan kanta ana ba'a, abin ba'ar kuma kullum mutanen karkara ne, wane ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, wane ya zube wa masinja yana tsammanin shi ne Manaja. An fi yi wa Fulanin daji dariya. Wa kuke tsammanin ya fi kowa iya kwaikwayon maganarsu? Ni ne. Ni nake tashi in saɓa rula a kafaɗa kamar sanda, in riƙa ɗingisa Hausa, su yi ta dariya har da hawaye.

Akwai kuma abu ɗaya da Manaja ba ya yafewa, shi ne ƙarya. Makara za a yi maka faɗa, kuskuren aiki za a sa ka sake, amma ƙarya kora ce. A gabana aka kori wani akawu mai mata da 'ya'ya don ya ce zazzaɓi ne ya hana shi zuwa, aka gan shi a wajen kokawa. Ya yi kuka, ya yi rantsuwa, ya manta da doka ya zube a ƙasa, Manaja ya ce wanda zai yi ƙarya a kan ƙaramin abu ba zai riƙe amanar mutane ba. Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Da rani ya yi, mutanenmu suka gangaro da shanu fadama kamar yadda aka saba, suka kafa ruga tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi. Na sani, an aiko mini, amma ban je ba, kullum ina cewa sai Lahadi. Ran nan muna Kalgo, shago cike da mutane, Manaja na zaune a bayana yana fifita da hularsa, sai na ɗaga kai na ga Baba a bakin ƙofa. Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, malfarsa a rataye a wuya, ƙafafunsa duk taɓon fadama ya bushe a kai. Bai dube ni ba, don ba ya dubana. Ƙasa yake kallo, amma na ga fuskarsa, na ga farin cikin da yake ƙoƙarin ɓoyewa. A gida, ko daga nesa na hango shi nakan zube. Ranar kuwa ƙafafuna suka ce in fita in durƙusa, idon abokan aikina ya ce in ka isa. Na tsaya a bayan tebur da alƙalami a hannu kamar an dasa ni.

Manaja ya lura da shi, ya ce in tambayi tsohon me yake so. Ni ne tafinta a ranar. Na ce, "Bature na tambaya, mi ka tahe da ku?" Baba ya amsa yana kallon bango, ya ce, "Ba komi. Na dai biyo in ga wurin da yaron ga ka aiki." Na juya na faɗa wa Manaja. Sai ya ce, "Ashe ya san ka. Wane ne shi?"

Ya jama'a, ga abin da na faɗa da bakina, cikin Turanci mai kyau wanda aka yaba mini a makaranta. Na ce mai yi wa mahaifina kiwo ne.

Kada ku ce ruɗewa ce. Na daɗe ina gaya wa kaina haka, amma ƙarya ce ita ma. A cikin ƙiftawar idon nan na yi lissafi sarai. Na san Baba ba ya jin Turanci. Na kuma san ko da wani zai tambaye shi da Hausa, ko da za a ɗora masa wuƙa a wuya, ba zai ce "ɗana ne" ba. Kunyar da yake ji na, wadda ita ce girmamawar da yake yi mini tun ina cikin zani, ita na ɗauka na rufe masa baki da ita. Wane irin ɗa ne zai yi wannan? Manaja ya yi murna, ya ce lallai gidanmu babba ne, in gaishe da tsohon, in tambaye shi lafiyar shanun maigidansa. Na ce wa Baba, "Yana tambayar shanu." Ya ce, "Shanu lahiya lau, mun gode Allah." Sannan Manaja ya ce ya gaji da madarar gwangwani, ko tsohon zai riƙa kai masa ta shanu gida? Baba ya ce to, ya sa takalmansa a waje, ya tafi. Abokan aikina suka ce kai Mista, ashe har bayi gare ku, na yi dariya tare da su.

Kowa ya san a wajenmu kai nono gari aikin mata ne. Na ɗauka ƙanwata za a riƙa aikowa. Ina! Baba da kansa, dattijo mai furfura wanda ake kawo wa ƙara a rugarmu ya raba gardama, shi ya riƙa ɗauko ƙwarya da sassafe ya tako har Bariki, unguwar Turawa, ya zagaya ta ƙofar bayan gidan Manaja ya miƙa wa kuku. In ya gama sai ya biyo ta gaban banki, ya tsaya can tsallaken titi a gindin wata bishiyar bedi, ya jingina da sandarsa kamar mai hutawa, ya ɗan jima, ya wuce. Ta taga nake ganinsa. Na san ba don madara yake zuwa ba. Ban taɓa fita ba ko sau ɗaya, sai in ƙara sunkuyar da kai a kan aiki har ya tafi. Wata rana na gan shi sanye da wani tsohon kwat na Manaja a kan rigarsa, hannun ya yi masa tsawo, wai kyauta aka ba shi don yana da kirki. Na shiga bayan gida na daɗe ban fito ba, har babban akawu ya buga ƙofa ya ce lokacin banki nake ci.

Kuna tsammanin na tuba daga nan? Ko kusa. Ƙaryar ma ƙiba ta yi. Manaja ya tambaye ni gidanmu, na gina masa soro. Ya tambayi mahaifina, na naɗa masa rawani na ba shi doki. Duk abin da na ga yana son ji shi nake faɗa, shi kuma yana ƙara jawo ni jiki, har ya fara cewa sauran su yi koyi da ni.

Da ruwa ya sauka, lokacin komawar shanu gida ya yi, sai Manaja ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce za a ba ni kashiya, makullin akwatin ƙarfe zai dawo hannuna, ni ne ɗan ƙasar nan na farko da zai riƙe shi a reshenmu. Amma al'adar bankin ce, kafin a damƙa wa mutum makulli sai Manaja ya je ya ga gidansu ya gaisa da mahaifinsa, ya san daga inda ya fito. Ya ce ƙarshen watan nan zai ɗauke ni a mota mu je. Na ce ai hanya ta ɓaci da damina. Ya ce motarsa ta shiga inda ya fi nan. Na ce mahaifina yana yawan tafiya. Sai ya yi dariya ya ce kada in damu, ya riga ya aika masa ta bakin tsohon mai madara, kuku ya yi musu tafinta.

Ban san yadda na fito daga ofishin nan ba. Da aka tashi na nufi gidan Manaja ta baya, wajen kukun. Sunansa Bukar, Babarbare ne, kuma kun san wasan da ke tsakaninsu da Fulani, bai taɓa ganina bai tsokane ni ba. Yana hango ni ya ce, "A'a, ga bawana mai lakataye! Kai, tsohon nan naku akwai ladabi." Na ce me ya ce da aka ba shi saƙon? Bukar ya ce, "Na ce masa Bature zai zo gaida maigidanka, uban akawu. Sai ya ce in gaya wa Bature maigida yana maraba, kuma maigida ya ce a riƙe masa yaron ga amana, don yaro ne mai gaskiya." Na ce, Bukar, wa ya gaya masa yana da maigida? Ya ce, "Ni mana! Tun ranar da ya fara kawo madara na tsokane shi, na ce tsoho ashe kai ma bara ne, Bature ya ce akawu ya ce kai kake yi wa ubansa kiwo. Ya ce mini awo, haka ne." Bukar yana ta dariya yana yanka albasa, bai san abin da ya faɗa mini ba, har yau kuma bai sani ba.

Tun ranar farko, jama'a! Rani guda cur mutumin nan ya san abin da na kira shi, kuma bai fasa ɗauko ƙwarya ba, bai fasa tsayawa a gindin bedi yana kallon tagar da nake ba. Ya karɓi kwat ɗin da hannu biyu yana sane. Ina zan sa kaina?

Ranar Lahadi na ari keke na tafi gida, don sun riga sun koma Masama. Na cire kayan banki tun a hanya na sa riga. Na yi niyyar in faɗi a gabansa in yi kuka in ce ya yafe mini, duk hanya ina shirya maganar. Na same shi a gindin garke tare da Baffa suna gyara igiyar maruƙa. Na zube na gaishe su. Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya tofar da yawu gefe. Baba ya amsa kamar kullum, a taƙaice, yana kallon igiya. Ta yaya zan fara? Ni da ban taɓa yin doguwar magana da shi ba tun da nake, yau ta farko ita ce in ce masa na sayar da shi don Bature ya dafa kafaɗata?

Shi ya riga ni. Ya juya wajen Baffa, ya ce, "Ka ce ma yaron ga ya kwantar da hankalinai. Mun ji Bature na tahe. Kai za ka zamna zaure, ka sa rigata ta Idi da rawanina, ka amshi gaisuwa. An yi magana da mai gari, za ya ba mu aron zaurenai da doki a ɗaure ƙohwa. Ni in kawo ruwa da hura." Baffa ya yi wurgi da igiyar ya miƙe, ya ce, "Ni in zamna bisa buzunka kana tsugune gabana? Don wanga marar kunya? Wallahi ban yi!" Baba bai ɗaga murya ba, ya ce, "Za ka yi. An ce in sunka gane ya yi ƙarya korar shi za su yi, kuma ba shi ƙara samun aiki ko'ina. Wuni guda ne." Baffa ya ce, "To bayan wunin fa? Mutanen gari da za su gani, mi za ka ce musu?" Baba ya ce, "Ni ka zama da su, ba shi ba."

Ina durƙushe ina jin wannan duka, hawaye na zuba a ƙasa, ba wanda ya dube ni. Na ce, "Baffa, ka ce musu ni zan gaya wa Bature gaskiya." Baffa ya faɗa masa. Baba ya ce, "Ka ce mishi ban yarda ba. In ya yi haka, wahalar da niy yi ta zama banza." Ya ɗauki sandarsa ya bi shanu.

Da zan tafi Inna ta raka ni bayan shinge, ita ma ba mai yi mini magana ba ce sosai, amma ranar ta yi. Ta ce Baba ya tara ƙannena gaba ɗaya, har autarmu da ba ta daɗe da fara magana ba, ya ce musu ranar da Bature zai zo kada wanda ya kira shi Baba. Ta ce tun daga ranar yake koya wa ƙaramar, in ta ce Baba sai ya kau da kai, in ta yi shiru ya ba ta dabino. Ta ce yarinyar ta fara koya.

Malam Edita, ga inda nake. In na yi shiru, zan shiga garinmu a gaban mota, in durƙusa wa ƙanen ubana in kira shi Baba, ubana kuma ya kawo mana ruwa ya tsuguna a bakin ƙofa, gari duka na kallo, sannan a ba ni makullin amana. In na faɗi gaskiya, za a kore ni kamar yadda aka kori wancan, in koma gida da sunan maƙaryaci, kuma na karya maganar mutumin da ya haɗiye wulaƙancin rani guda don kada hakan ta faru. Ya ce bai yarda ba, ni kuwa ban taɓa saɓa umarninsa ba, sai dai na yi masa abin da ya fi saɓawa muni. Jiya Manaja ya sa an wanke mota, ya kuma tambaye ni wace irin tsaraba ta dace da babban mutum kamar mahaifina, ya ce zai kuma riƙo wa tsohon mai madara ɗan wani abu.

Malamai, dattawa, iyaye, da ku 'yan'uwana akawuna da kuka san irin wuraren nan, watan ya kusa ƙarewa. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?